Rabin Wasiƙar Gwaggo Dije

Masu rubutu sukan ce wani zalunci suka gani a gidan maƙwabta ya tsaya musu a rai, shi ya sa suka ɗauki alƙalami. Ni ban sha wahalar leƙe ta katanga ba. A gidanmu aka yi abin, nan Makera, bayan tashar jirgin ƙasa, kuma wanda ya yi shi mutum ne mai kyawun rubutu, mai yawo da alƙalami biyu a aljihun gaba, ɗaya ma ko tawada babu a cikinsa. Ni ne, Isiyaku ɗan Ɗanjuma Masinja.

A shekarar 1956 ina da mata, Asabe, da 'ya'ya biyu, da takardar gama elementare, ba ni da aiki. Ban ce aikin ne babu ba. Ana ginin masaƙa a Kakuri, kullum ana ɗibar lebura. Amma mutumin da ya iya buɗe wasiƙa ya rufe ta da Turanci ai ba zai ɗora kwanon siminti a ka ba. Kujerar akawu nake jira idan an gama gini. Baba kuwa tuni ya naɗa ni, don ko ruwa zai ce in miƙo masa sai ya ce, “Akawu.” Ni kuma in amsa ba kunya.

Fanshon Baba muke ci. Shekara talatin ya yi yana kai takardun gwamnati daga ofis zuwa ofis a ƙetaren kogi, shi da bai iya karanta ko baƙi ɗaya ba. Gidan ma da garatutinsa aka gina shi. Ƙa'idar fansho kuwa ɗaya ce: sai mai shi ya je da kansa, akawun biya ya gan shi da ransa, ya dangwala babban yatsa a takarda, sannan a miƙo kuɗi. Saboda haka ranar biya Baba sarki ne. Asabe ta dafa masa ruwan wanka, ta goge tsohon kakinsa da dutsen guga, ni in ɗora shi a bayan keke mu haye gada. In ya karɓa, tun kafin mu fita daga harabar ofis zai miƙo mini, ya ce in riƙe, ni ne mai boko. Sauran kwana ashirin da tara kuwa tsoho ne kawai a cikin gida, mai yawan tari.

Wata Juma'a cikin bazara, bayan an sauko daga masallaci, ya kira ni ɗakinsa.

“Akawu, ɗauko takarda mai kyau. So nake a mayar mini da fanshona baitulmalin Funtuwa. Gida zan koma.”

Na ce, “Gida kuma? Nan ina ne, Baba?”

“Nan wurin aiki ne, aiki kuwa ya ƙare. Dije ta tsufa. Ita ta goya ni da uwarmu ta rasu. Mu tara ne, yau mu biyu muka rage, kuma shekara goma sha ɗaya rabona da ita. Ina so in zauna kusa da ita, wanda ya riga wani ya samu mai rufe masa ido.”

Gwaggo Dije yayarsa ce, tana Tudun Gamji, wani ƙauye bayan Funtuwa. Sau ɗaya na taɓa ganinta, ina yaro, abin da na riƙe kawai shi ne ta ba ni dafaffiyar gyaɗa.

Na samu Asabe tana tankaɗe a tsakar gida, na gaya mata. Ta ajiye rariya.

“To mu fa, Malam?”

Da ta tsaya nan da mun ji kunya, wataƙila ma da labarin ya ƙare. Amma Allah Ya yi mu masu hankali, ni da ita. Kafin a kira la'asar mun tattara dalilai da yawa, ba ko ɗaya a cikinsu da ya ambaci tuwo. Asabe ta ce ƙauyen ba asibiti. Na ce hanyar ma kaɗai ta isa ta kayar da shi. Ta ce mutumin da ya saba da ruwan famfo, ruwan rijiya zai ɓata masa ciki. Na ce tsohuwar da ba ta iya da kanta, yaya za ta iya da wani tsoho? Ta ce kuma me duniya za ta ce, ɗa yana raye an bar uba ya tafi ƙauye ya wulaƙanta? Muka dubi juna muka ga ashe ƙaunar Baba ce ta yi mana yawa.

Na rubuta takardar. In faɗi gaskiya, ban taɓa rubuta wadda ta kai ta kyau ba. Na yi layi da rula, na sa kalmomin Turanci guda uku da ni kaina sai da na duba ƙamus. Na karanta masa, na fassara, ya yi ta kaɗa kai yana cewa kuɗin makaranta bai tafi a banza ba. Ya dangwala yatsa a ƙasa. Ranar Litinin na fita da ita a hannu don ya gani, na je na sha shayi a bakin tasha, na yi hira har azahar, na dawo na sa ta a ƙarƙashin akwatina.

Abin da na manta shi ne tsohon masinja nake wa wasa. Ina shigowa ya ce, “Ka kai?”

“Na kai, Baba.”

“Wa ya karɓa? Ya sa hannu a littafi?”

Ban shirya wa wannan ba. Ranar Litinin ce, sai bakina ya ce, “Mista Monday.”

Ya lalubi sunan a ransa. “Ban san shi ba. Sabo ne?”

“Sabo ne. Ya sa hannu.”

“Madalla. In dai an sa hannu, takarda ba ta ɓata.”

Daga nan ban ƙara shan wahalar ƙirƙiro ƙarya ba, shi yake ƙirƙiro mini. In wata ya ƙare ba amsa, sai ya ce takarda irin wannan sai ta bi tebur bakwai. In wani watan ya ƙare, ya ce ƙila Baturen ya tafi hutu, in sun tafi hutu sai wata uku. Ranar biya kuwa ba ya tambaya a taga. A tarbiyyarsa masinja ba ya tsayar da akawu ya ce ina takardata, rashin ladabi ne. Ni dai nawa in ce, “Haka ne, Baba.”

Da damina ta kama, wata mai ɗinki, Malama Juliana, mutuniyar kudancin Zariya, ta zo neman ɗakin haya kusa da masaƙa. Ɗaki mai kyau ɗaya ne a gidan, mai taga biyu, na Baba. Asabe ta ce ai ga ɗan ɗakin ajiya jikin madafa, akwai ɗumi, zai yi wa ƙafafunsa daɗi. Ni na je na gaya masa, har da bayanin yadda sanyi yake shiga ƙashi. Ya ce, “Ba komai, ai ni baƙo ne yanzu, tafiya zan yi.” Da hannunsa ya naɗe tabarmarsa.

Ɗakin ba taga. Hayaƙin murhu ta nan yake bi kafin ya samu hanyar fita, tarin Baba ya tashi daga na safe ya koma na yini. Rufin yana yoyo a kusurwa ɗaya, muka ba shi kwano ya tara. Ƙafarsa ta hagu ta fara kumbura, daga idon sawu ta hau har ƙwauri, fatar ta yi sheƙi. Ya daina zuwa masallaci, yana salla a zaune. Abincinsa kuma sai abin da ya rage, in an tuna. Ba mugunta muke yi ba, a ganinmu. Mantuwa ce, kuma mantuwar tana warkewa duk ranar ashirin da takwas ga wata.

Wata rana Malama Juliana ta tsayar da ni a zaure. Ta ce, “Malam Isiyaku, ƙafar Baba ba ta yi mini kyau ba. Ku kai shi disfensare.”

Na ce mata tsufa ne, ba a kai tsufa asibiti. Na ƙara da cewa muna shafa masa man shanu. Ta dube ni, ta dubi alƙalumana biyu, ta koma kan kekenta na ɗinki.

Ba a yi sati biyu ba karkare ya fito wa Baba a babban yatsan dama. Ranar kuwa ka ga ɗa na gari. Ko karyawa ban yi ba na ɗora shi a keke, cikin yayyafi, sai disfensare. Na yi faɗa da masu layi, na yi wa malamin asibiti Turanci. Da ya gama ɗaure yatsan ya ga ƙafar, ya ce wannan fa, tun yaushe? Na ce ai yatsan ne ya fi damunsa. Asabe kuma kullum ta gasa yatsan da ruwan gishiri, tana sannu Baba, sannu Baba. Baba ya ce wa Malama Juliana, ina ji da kunnena, “Kin ga yaran nan? Allah Ya yi musu albarka.” Yatsa ya warke kwana huɗu kafin biya.

Ana cikin haka, bayan Babbar Salla da 'yan kwanaki, wani mai fataucin goro ɗan garinsu Baba ya biyo da wasiƙa. Malamin dagaci ne ya rubuta da boko, takarda ɗaya, gaba da baya cike. Baba ya sa aka fito da shi bakin ƙofa inda akwai haske, ya gyara zama, ya miƙo mini da hannu biyu.

Na saba in bi wasiƙa da ido tukuna, wai don kada in yi tuntuɓe a gaban mutane. Gaban takardar gaisuwa ce da labarin ruwa da gero. Bayanta kuwa ga abin da aka rubuta: Dije ta kwanta tun farkon damina. Idonta ya tafi. Ba ta cin abinci sai kunu. Duk ranar kasuwa sai ta sa an fitar da ita ƙofar gida, in ta ji ƙarar mota ta ce a duba ko Ɗanjuma ne. Ta ce a gaya masa in zai zo ya zo yanzu.

Wannan ba zan ɓoye ba. Na ji tausayin tsohuwar har cikin raina. Na ɗaga kai, sai na ga Asabe a bakin madafa da muciya a hannu tana kallona. Ba ta iya karatu ba, amma ta iya karanta fuskata. Na sunkuya na karanta gaban takardar da murya mai daɗi, na tsaya.

Baba ya karɓi takardar. Ya juya ta, ya bi layukan baya da yatsa, ya sake juyawa.

“Shi ke nan?”

“Shi ke nan, Baba.”

“Na ga bayanta ma cike. Takarda mai wannan yawa, a ofis sai Bature ya sha rabin taba kafin ya gama.”

“Sauran gaisuwa ce. Ka san mutanen ƙauye, sai sun gaida kowa har akuya.”

Ya yi dariya, tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce, “Ita Dije ba ta ce komai ba?”

A nan ne na zarce inda ko Asabe ba ta aike ni ba. Na ce, “Ta ce tana nan lafiya, kada ka yi gaggawa, ka bari takardarka ta fito.”

“Haka take,” in ji shi. “Tun muna yara ba ta son a yi abu da garaje.”

Na karɓi wasiƙar wai zan adana masa, na kai ta inda 'yar'uwarta take. Na gaya wa kaina bayan damina zan faɗa masa, in hanya ta bushe. Damina ta wuce na ce bari a gama girbi, lokacin motoci sun fi yawa. Mutum in yana da ilimi ba ya rasa ranar da zai ɗaga magana zuwa gare ta.

Watanni huɗu Baba ya yi a ɗakin nan yana shirin tafiya. Ya ɗaure kayansa a tsohon bargo, ya kwance, ya sake ɗaurewa. Ya roƙi Malama Juliana ta ɗinka wa Dije riga, ya kwatanta mata tsawonta da hannu, tsawon da ya sani shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Ƙafar ta fashe ta fara ruwa. Ya rame har kakin ranar biya ya koma kamar na aro, Asabe ta sa allura ta rage wuyan. In jirgin Zariya ya yi kuka da hantsi sai ya ɗaga kai ya ce, “Ga namu nan.” Ni kuwa na koyi wucewa ta ƙofarsa da sauri.

Ranar biyan watan Nuwamba muka tarar da layi ba tsawo. Akawun biya, Mista Wilson, mutumin Kalaba ne, ya daɗe a Kaduna har Hausa ta zauna a bakinsa. Ranar yana da sukuni, ya leƙo ta taga ya ga yadda nake riƙe da Baba.

“Papa, wannan ƙafa fa? Ka rame ƙwarai.”

“Tsufa ne, ɗana,” in ji Baba. Ya dangwala yatsa, ya goge a tsumma. Sai ya ƙara, cikin ladabi, ba tambaya ba, gaisuwa kawai: “In ka ga Mista Monday ka ce tsohon masinja yana gaishe shi. Ba gaggawa nake ba.”

“Wane Monday?”

Na yi maza na sa baki da Turanci, wai in karkatar da zancen. Turancin da na yi shekaru ina taƙama da shi ranar ya gudu ya bar ni, ban san abin da na faɗa ba. Mista Wilson ya ɗaga mini hannu.

“Bari Papa ya yi magana.”

Baba ya yi bayani tiryan-tiryan, yadda masinja yake ba da rahoto: takarda kaza, ranar Litinin kaza cikin bazara, ɗansa ya kawo, Mista Monday ya karɓa ya sa hannu.

Mista Wilson ya ce, “Papa, shekarata tara a nan. Duk takardar 'yan fansho ta teburina take bi. Ba mu da Monday, sama ko ƙasa. Kuma wannan abu ba ya son doguwar wasiƙa. Ga fom nan, in cika maka, ka sa yatsa. Sati biyu, uku, sunanka ya koma Funtuwa.”

Ya juyo ya dube ni. Tsofaffin da ke bayanmu a layi su ma suka dube ni. Na jira Baba ya juyo, bai juyo ba.

Ya ce, “To ni ne na ruɗe, ɗana. Tsufa. Wataƙila wani ofis ya ce mini na ji ba daidai ba. Yaron nan ba ya wasa da takarda. Cika mini fom ɗin.”

Da ya zage ni a gaban mutanen nan da na samu abin riƙewa, in ce tsoho ya tozarta ni. Bai ba ni ko wannan ba. Aka cika fom, ya sa yatsa. Aka miƙo kuɗin, na miƙa hannu yadda na saba, ya sa su a aljihunsa.

A waje na tsayar da keke na ce ya hau. Ya wuce ni. Da wannan ƙafar ya taka, yana dafa ƙarfen gada yana hutawa, ni ina biye ina tura keke, masu wucewa suna kallon ƙato da keke ba kowa a kai, ga tsoho yana jan ƙafa a gabansa. Na ce, “Baba, don Allah ka hau.” Na faɗa ya fi sau goma. Tun hantsi muka baro ofis, ba mu shiga Makera ba sai da aka yi azahar.

Bai shiga ɗakinsa ba. Ya zauna a kan turmi a tsakar gida, ya ce, “Ɗauko mini wasiƙar Dije.”

Na ɗauko.

“Karanta. Ka fara ta baya.”

Na karanta, Asabe tana tsaye, Malama Juliana ta tsayar da kekenta. Muryar nan tawa mai daɗi ta koma kamar ta ɗan akuya. Da na kai wurin ƙarar mota Baba ya rufe ido. Da na gama ya ce, “Wata nawa ke nan?”

“Huɗu.”

Asabe ta matso. “Baba, wallahi don lafiyarka muka yi. Mun ga ƙafar nan, muka ce in ka ji za ka tayar da hankalinka, ga hanya ba kyau...”

Ya ce, “Na gode, 'yata.” Ya juya wajen Malama Juliana. “Rigar nan ta samu? Jibi zan bi jirgi. Fansho ya biyo ni a baya.”

Jibin ba ta yiwu ba. Tafiyar gada ta buɗe ƙafar da muka yi wata biyar muna shafa wa man shanu. Kafin magariba zazzaɓi ya rufe shi, ya kwana tara bai san inda yake ba. Malama Juliana ce ta nemo malamin asibiti, ita ta mayar da Baba ɗakinsa na da, ta kwashe kekenta ta koma zaure da ɗinki. Ni ma na yi hidima, kada a ce ban yi ba. Na ɗebo ruwa, na sayo allura, na zauna a bakin ƙofa da fuskar tausayi. Amma ko a lokacin, in na ce ban taɓa tunanin yadda za mu yi da wata mai zuwa ba, na yi ƙarya.

Ranar ta goma ya tashi zaune ya sha kunu. Ranar ta goma sha biyu ya taka zuwa tsakar gida da sanda, ya ce a duba masa jirgin Alhamis. Ya aiki Malama Juliana ta sayo sukari da sabulu da turare ɗan goma, ya sa a cikin bargon tare da rigar. Ranar Laraba da hantsi muna zaune, sai ga sallamar mai goron nan. Bai zauna ba, bai karɓi ruwa ba. Ya durƙusa ya miƙa wa Baba takarda, ya ce yana da kaya a tasha, ya fita.

Hannuna ya tafi da kansa, don ya saba. Baba ya bi ta gefensa ya miƙa wa Malama Juliana.

“'Yata, kin iya karatun Hausa?”

“Na iya, Baba. Da shi muke karatu a coci.”

“To karanta mini. Duka.”

Ta karanta a hankali, ba ta tsallake ko gaisuwa ɗaya ba. Bayan gaisuwa, malamin dagaci ya ce suna sanar da Ɗanjuma cewa Allah Ya yi wa Dije rasuwa ranar Talata, kwana ashirin da biyu da suka wuce, an yi mata sutura da la'asar. Ya ce sun aiko tun bayan Salla ba su ji amsa ba. Malama Juliana ta tsaya, ta juya takardar.

“Akwai saura, Baba.”

“Ci gaba.”

“Ta ce a gaya wa Ɗanjuma kada ya sa wa ransa damuwa. Ta san aikin gwamnati ne ya riƙe shi, don shi ba mai ƙin zuwa ba ne. Ta ce ta yafe masa.”

Baba ya yi salati. Bai yi kuka da murya ba, hawaye ne kawai suke bin gemunsa suna ɗiga a kan sandar. Asabe ta fashe da kuka ta shige ɗaki, kuma na yarda kukan gaskiya ne, don mu ba mutanen banza ba ne, mu dai a bar mu mu ci abinci. Ni na tsaya a tsakar gida da hannuwa biyu ban san inda zan sa su ba.

Can na ce, “Baba, gobe in raka ka. Ko ta'aziyya ka yi.”

“Wa zan yi wa? Ni ne ake yi wa.”

Ya daɗe yana kallon ƙunshin bargon. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, “Ka hau keke ka je wurin Mista Wilson. Ka ce tsohon masinja ya ce a tsayar da fom ɗin nan, a bar fansho inda yake. Na fasa. Wurin wa zan je?”

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami, ba don a ce na tuba ba. Da ya faɗi haka, wani abu ya sauka daga ƙirjina. Kunya ta zo, ta zo da nauyinta, har yau tana nan. Amma Allah ne shaidata, ba ita ta fara zuwa ba. Sauƙi na fara ji. Tsohuwa ta mutu tana sauraren mota, tsoho yana zaune a gabana an raba shi da mutum na ƙarshe da ya san shi tun yana goye, ni kuwa ɗansa mai boko abin da ya fara faɗo mini shi ne, ashe tuwo bai ƙare ba.

In kun bi ta ofishin biya a ƙarshen wata za ku ga tsofaffi a layi cikin wankakkun kaya, kowanne da wani ƙato yana riƙe da hannunsa, yana kare shi daga rana. Za ku ce Allah Ya ba mu 'ya'ya irin waɗannan. Wasu na gari ne, ban hana ba. Amma kafin ku yi addu'ar, ku tambayi tsohon a wane ɗaki yake kwana, kuma wa yake karanta masa wasiƙa.

Ni dai na jawo keke na fita. Ban tsaya shan shayi a tasha ba, ban tsaya gaisawa da kowa ba. Na haye gada ina taka feda da ƙarfi kada a tashi daga ofis. Wannan saƙon kam, a ranar na kai shi.